Gyara Kayanka: Sunayen Tafiya Cikin Ingilishi

Zuwa ga Edita, ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin in yi magana da 'yan'uwana akawuna da 'yan makaranta bisa wani abu da ya faru a gabana cikin watan jiya.

Akwai wani yaro a ofishinmu, ƙaramin akawu ne, bai daɗe da kama aiki ba. Ran nan aka aiko masa daga gida cewa mahaifiyarsa na kwance ba lafiya. Hankalinsa ya tashi, ya ɗauki takarda ya rubuta wa shugaban ofis da Ingilishi, yana neman izinin kwana uku. Abin da ya sa a takardar shi ne wai yana so ya tafi tour zuwa garinsu. Bai ambaci ciwon ba, sabo da kunya irin tamu, wadda ba ta barin mutum ya baza maganar uwarsa cikin takardar ofis. Shugaba ya karanta, ga shi ƙarshen wata ne, aiki ya taru, sai ya rubuta a gefe cewa yanzu ba lokacin yawo ba ne. Yaro ya karɓi takardarsa ya koma ya zauna, ido ya yi ja, bai ce wa kowa kome ba. Sai da aka kwana biyu na lura da shi, na tambaye shi, ya nuna mini takardar. Na kai shi wurin shugaba muka warware magana, nan da nan aka sallame shi, har da ba shi haƙuri. Allah ya taimaka, ya tarad da tsohuwa ta fara samun sauƙi. Amma da abin ya zo da ƙarar kwana fa? Da kalma guda mai baƙi huɗu ta hana ɗa ganawa da mahaifiyarsa.

Da ya komo na tambaye shi abin da ya sa ya zaɓi wannan kalma. Ya ce wai ya duba ƙamus ne, ya ga trip da journey da tour da voyage duk an fassara su da tafiya, shi kuwa sai ya ɗauki wadda ya ji ta fi kama da maganar manya. To, jama'a, nan cutar ta ke, kuma ba yaron nan kaɗai ta kama ba. Da yawa daga cikinmu in za mu rubuta Ingilishi, nauyin kalma a baki mu ke aunawa, mu bar abin da ta ke nufi. Alhali kuwa kalmomin nan ba su bambanta da girma ba. Kowace akwai wurin da ta ke nuna wa mai karatu ya duba: wata hanya ta ke nunawa, wata zuwa da komowa, wata zagaye, wata kuwa nufin da ya fitar da mutum daga gida.

Kada wani ya ce wannan wahalar Turawa ce kawai. Mu ma haka mu ke yi, sai dai sabo ya hana mu lura. Wane Bahaushe ne zai ce hakimi ya tafi yawo alhali rangadi ya fita? Wa zai ce falke ya tafi ziyara Gwanja, ko ya ce wanda ya je gaida surukai ya yi ƙaura? Muna da tafiya, da balaguro, da rangadi, da yawo, da ziyara, da fatauci, da cin rani, da tattaki, kowace da muhallinta, yaro ƙarami ma ba ya haɗa su. Abin da ya rage shi ne mu ba kalmomin Ingilishi irin ladabin da mu ke ba namu. Bari in ɗauke su ɗaya ɗaya.

Ta fari ita ce travel, uwarsu duka. Yawanci aikatau ce, watau mutum ya yi tafiya, ko kuwa sunan tafiye-tafiye baki ɗaya. In ta zo a matsayin suna, ba a ƙidaya ta, kamar yadda ba a cewa ruwa ɗaya ko gero biyu. Sabo da haka wanda ya rubuta a travel ya yi kuskure. Ni kaina na sha jan tawada a kan wannan a makarantar mishan inda na yi karatu, har yau in na ga an rubuta haka sai in ji tafin hannuna na zafi. Asalin kalmar daga tsohon Faransanci ne, travail, ma'anarta wahala da aiki mai tsanani. Duk wanda ya taɓa kwana a tasha ruwa na dukansa ya san mutanen da ba su yi ƙarya ba. In an ƙara mata s ta zama travels, sai ta koma nufin yawace-yawacen mutum na shekaru cikin ƙasashe da yawa, irin na Ibnu Batuta, wanda ya bar Tanja a 1325, ya kai har ƙasar Sin, sa'an nan ya zo Mali a 1352. Akwai kuma wata al'ada tamu ta nan Nijeriya: in aka zo neman maigida ba ya nan, sai mu ce he has travelled, muna fassara ya yi tafiya. Tsakaninmu kowa ya gane. Amma mutumin Ingila in ya ji haka, zato zai yi ana yabon maigida ne da cewa ya ga duniya. Abin da shi zai ce shi ne he is away. Wajen rubutu kuma, Ingila l biyu su ke sawa a travelled, Amurka l guda. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai cikin takarda guda.

Ta biyu journey. Wannan idonta na kan hanya: daga nan zuwa can, tsawonta, da sa'o'in da ta ci, da wuyar da aka sha. Ba ruwanta da abin da ka je yi, ba ta kuma ce ka komo ba. Ita ma daga Faransanci ta fito, journée, watau yini guda, domin a farko nufinta tafiyar da mutum zai iya yi daga safe zuwa maraice. Ashe kuwa abin da kakanninmu fatake su ke kira zango ke nan, su ma da kwana su ke auna nisa, su ce daga gari kaza zuwa gari kaza kwana biyar ne. Daga baya kalmar ta miƙe ta rufe kowace tafiya, doguwa ko gajeriya, ko da ya ke ta fi zama daram a kan doguwa. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, tsakanin Ikko da Kano kuwa wajen mil 700 ne ta reluwe. Wanda ya zauna cikin tarago tun daga can har nan, journey ya yi, ba shakka. Jam'inta journeys ne, ba a sauya y ɗin, kada a ruɗe da irin su city.

Ta uku trip, wadda yaronmu ya raina. Ita ce ka je, ka yi abin da ya kai ka, ka komo. Ta haɗa hanya da zama da dawowa duka cikin ƙunshi guda, yawanci kuma ba a daɗewa. Ba ƙaramar kalma ba ce ko kaɗan, ministoci da manyan 'yan kasuwa ma business trip su ke zuwa. Ga misalin da zai raba ta da journey har abada. Mutum ya tashi daga Zariya ya tafi biki Kano, ya kwana uku ya komo. Trip ɗinsa kwana uku ne. Journey ɗinsa kuwa 'yan sa'o'in nan ne da ya yi cikin mota. In Bature ya tambaye shi how was the journey, daidai ya ke da yaya hanya, amsa kuwa ita ce labarin ramuka da ƙura. In ya ce how was the trip, to, yana son labarin bikin ne da mutanen da aka baro. Sai dai a yi hattara da abu guda: trip in ta zama aikatau, tuntuɓe ta ke nufi. Wanda ya rubuta I tripped yana so ya ce ya yi balaguro, ya gaya wa mai karatu ya ci da baka ne. Cewa a ke I took a trip, ko I went on a trip.

Ta huɗu ita ce mai laifin, tour. Tushenta juyawa ne da kewaye. Mai yin tour ba wuri guda ya nufa ba, wurare da yawa zai bi ɗaya bayan ɗaya, yana dubawa, har ya kewayo inda ya taso. A bakin aiki ita ce rangadi sosai. A zamanin mulkin Turawa, Di'o ya kan fita tour da 'yan alaro da doki, yana kwana gari gari yana duba haraji da alƙalai. Haka kuma aka kira zuwan Sarauniya Elizabet Nijeriya a farkon 1956, domin ta zaga Ikko da Kaduna da Jos da Inugu da Badun da Kano da waɗansu garuruwa. In ba a bakin aiki ba kuwa, yawon buɗe ido ke nan. Cikin ƙarni na 17 da na 18 'ya'yan masu sarauta na Ingila su kan ƙetare su zaga Faransa da Italiya, wani ya shekara, wani ya fi, don su ga gine-gine su koyi harsuna da ladabin zama. Wannan su ke kira Grand Tour, kalmar tourist kuwa daga tour aka ƙago ta. To, ku duba abin da shugabanmu ya gani: ƙaramin akawu ba shi da ƙasar da zai yi wa rangadi, saura ma'ana guda ke nan, shaƙatawa. Laifinsa ne? Ƙari kuma, ba a cewa tour to wuri guda, sai dai tour of ƙasa ko gari, domin ba a kewaya ɗigo.

Ta biyar voyage. Ita ce doguwar tafiya a teku, yanzu kuma har da sararin sama can wajen taurari. Asalinta ya daɗe yana ba ni sha'awa: daga Latin ne, viaticum, ma'anarsa guzuri. Watau tafiya ce wadda in ka rabu da gaɓa ba kasuwa sai inda Allah ya kai ka, tilas ka ɗauki abincinka da ruwanka. Jirgin ruwan nan Titanic, wanda ya tashi daga Ingila zai je Amurka ya nutse ranar 15 ga Afrilu 1912, a voyage ɗinsa na fari ya halaka. Na'urori biyu da Amurka ta harba sama a 1977 don su leƙa manyan duniyoyin da ke kewaya rana, Voyager aka sa musu suna sabo da wannan ma'ana. Amma wanda ya shiga kwalekwale ya haye Kwara ko Binuwai bai yi voyage ba, crossing ya yi, watau fito. Wanda ya shiga jirgin sama kuwa, ko Jidda za shi ko London, flight ya yi. Jiragen sama na fari da suka sauka Kano a Nuwamba 1925 daga Masar suka taso, sun ratso dubban mil, amma duk da haka flight a ke kiran tafiyarsu. Na taɓa ganin wanda ya rubuta voyage a kan tafiyar mota daga Kaduna zuwa Abuja. Sai na ce ko damina ce ta yi ƙarfi haka.

In kuna son ganin waɗannan cikin labari guda, ku tuna da Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. A 1943, ana tsakiyar yaƙi, ya tafi Ingila tare da waɗansu editocin Afirka ta Yamma, ya komo ya rubuta littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Shi da kalma guda ya rufe abin duka, tafiya. Wanda zai ba da labarin da Ingilishi kuwa sai ya canza kalma sau huɗu. Daga Zariya zuwa bakin teku journey ne. Kwanakin da ya yi cikin jirgin ruwa voyage ne. Zagayen da aka yi da su a garuruwan Ingila ana nuna musu wurare tour ne. Abin duka, daga fita har komowa, a ce trip ko visit.

Saura waɗanda nufin tafiyar ne ya ba su suna. Expedition ita ce tafiyar jama'a da aka shirya da kaya da shugaba domin wani babban aiki, ko bincike ko yaƙi. Irinta ce gwamnatin Ingila ta turo daga Tarabulus a 1850, wadda Dokta Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarimu, ya biyo. Ya shiga Kano a farkon 1851, abokan tafiyarsa Turawa biyu suka mutu a ƙasar Barno, shi ya kai har Tambutu, bai koma gida ba sai 1855. Da zai koma ya tafi da wani yaro Bahaushe, Dorugu, wanda daga baya ya ba da labarin abin da ya gani da Hausa aka rubuta. Ayarin expedition ne, amma littafin da Barth ya buga mai juzu'i biyar da kalmar Travels ya fara sunansa, domin shekara biyar ya yi yana yawo ƙasa ƙasa.

Ƙanwarta ita ce excursion, fita ta yini guda ko makamancin haka, jama'a tare, don nishaɗi ko ƙarin sani, irin wadda malamai ke kai 'yan makaranta gidan tarihi. Ranar 5 ga Yuli 1841 wani Bature, Tomas Kuk, ya shirya wa mutum wajen 500 jirgin ƙasa daga garin Lesta zuwa wani gari kusa, don taron masu hana shan giya, kowa ya biya sule guda zuwa da komowa. Daga wannan ɗan fita ne sana'ar shirya wa mutane tafiya ta bunƙasa a Ingila.

Pilgrimage kuwa tafiyar ibada ce zuwa wuri mai tsarki, ko Makka ko Kudus. Hajjin da Mansa Musa, Sarkin Mali, ya yi a 1324 haka a ke kiransa cikin littattafan Ingilishi. In kana rubuta wa dattijo takardar neman izinin zuwa aikin Hajji, ka sa pilgrimage ko Hajj. Kada ka sa tour, don ba kallon gari za shi ba.

Akwai biyu da Ingilishi ya aro daga nahiyarmu. Trek daga bakin Turawan Afirka ta Kudu 'yan asalin Holan ta fito, ma'anarta ta fari ja, kamar yadda shanu ke jan amalanke. Tun daga 1835 dubbansu suka yi ta ƙaura da keken shanu daga yankin Kef zuwa cikin ƙasa, aka kira wannan Great Trek. Don haka trek doguwar tafiya ce mai wuya, yawanci a ƙasa, ta kwana da kwanaki. Mu nan mu kan ce mun yi trek daga gida zuwa kasuwa, amma a takardar ofis walk ya isa. Safari kuma daga Suwahili ta ke, su kuwa daga Larabci safar suka samo, tushe guda da safara tamu. A Ingilishi ta tsaya kan shiga daji don kallon namun jeji, irin abin da a ke zuwa yi Yankari. Kada ka fassara safarar goro da safari, za a yi tsammani giwaye ka je gani.

Ta ƙarshe commute, kai da komon nan na kowace rana tsakanin gida da wurin aiki. Daga jiragen ƙasa na Amurka ta samo suna cikin ƙarni na 19, inda a ke sayar wa masu shiga kullum tikiti mai rangwame. Ma'aikacin da ke kwana Nyanya yana aiki cikin Abuja, commute ya ke yi safe da yamma, ba ya bukatar wata kalma mai ƙararrawa.

Kafin wani ya ce harshen Turawa ya fi namu wadata, ya nemo mini kalma guda ta Ingilishi mai nufin cin rani. Sai sun haɗa biyu ko uku kafin su kusato, duk da haka ba za ka ji kaka ta wuce, an rufe rumbu, an bar tsofaffi da yara a gida a cikinta ba. Fatauci ma haka, da madugunsa da jakunansa da zangonsa. Kowace al'umma inda ƙafarta ta fi takawa nan ta fi tara kalmomi. Su mutanen tsibiri ne, suka ware wa teku suna. Mu mutanen ayari ne, muka ware wa kasuwa da rani.

To, ga shawarata ga mai riƙe da alƙalami. Kafin ka buɗe ƙamus, tambayi kanka da Hausa abin da ka ke so mai karatu ya sani. In hanya ce da wuyarta, journey. In zuwa ne da komowa don wata bukata, trip. In zagaye ne wuri wuri, tour. In teku ne, voyage. In kuwa ka rikice, ka koma ga uwar, ka sa aikatau: I wish to travel, sa'an nan ka faɗi inda za ka da abin da zai kai ka. Da yaronmu ya rubuta I wish to travel home because my mother is ill, da tun ranar ya kwana a gaban mahaifiyarsa. Kunya abu ce mai kyau a zaure, amma takardar ofis ba ta da fuska, ba ta da murya, mai karanta ta ba shi da abin da zai kama sai abin da ka sa.

Ina roƙon manyan akawuna kuma, in irin wannan takarda ta zo hannunku, ku kira yaro ku tambaye shi kafin ku miƙa ta gaba. Mu ma wani ya gyara mana. Wanda ya ga na yi kuskure cikin abin da na faɗa, ya rubuto wa Edita, zan karɓa da hannu biyu, gama gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya, amin.

Naku,
Akawu